Karon Kai A Filin Ƙwallo

Titin Ibrahim Taiwo yana cikin manyan titunan da suka ratsa Fagge a Kano. An sa masa sunan Kanar Ibrahim Taiwo ne, Gwamnan Jihar Kwara, wanda aka kashe ran 13 ga Fabrairu, 1976, rana ɗaya da Janar Murtala Muhammed. A gefensa Kantin Kwari ta ke, inda a ke cinikin atamfa da shadda da yadi, daga nan kuwa zuwa Sabon Gari ba wata tafiya ba ce. Da rana hirar mutanen wurin ta ciniki ce. Amma da la'asar ta yi sakaliya, aka fara rufe shaguna, sai hira ta koma kan ƙwallon ƙafa, wadda dattawa ke kira tamaula. Waɗansu su nufi gidajen kallo su ga wasan Turai a talabijin. In kuwa ranar wasan Kano Pillars ce, sai ayari ya miƙa Ƙofar Mata, filin Sani Abacha. Ita Pillars an kafa ta a 1990, ta kuwa ci gasar ƙasa sau 4, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, saboda haka mutanen titin nan ba baƙin ƙwallo ba ne, sun san dokokinta kamar yadda suka san farashin turmin atamfa.

A irin wannan kallo akwai wani abu da ke aukuwa kusan kowane mako. A bugo ƙwallo sama, mutum biyu su yi tsalle su sa mata kai, ƙwallo ta wuce, kawunansu su gwaru. Ɗaya ya faɗi ya dafe kai. Nan da nan 'yan kallo su kan rabu biyu. In wanda ya faɗi nasu ne, sai a yi ta cewa, "Tashi, namijin duniya, ba a san ka da raki ba!" In kuwa na abokan karawa ne, kuma su ke kan gaba, sai a ce, "Ƙarya ya ke yi, lokaci ya ke ci, alƙali ba shi kati!" Da wuya a sami wanda zai ce a fitar da yaron nan a duba kansa. Da mai zuga da mai zagi duk abu guda su ke so, watau ya miƙe a ci gaba da wasa.

To, mene ne ke faruwa cikin kan wanda ya faɗi? Ƙwaƙwalwar mutum aba ce mai taushi, tana zaune cikin ƙoƙon kai, ruwa ya kewaye ta. In kai ya bugu da ƙarfi, ko ya fizgu farat ɗaya, sai ta girgiza ta doki bangon ƙoƙon. Misalinta kamar ƙwai ne. Mutum ya iya girgiza ƙwai da ƙarfi har gwaiduwa ta dame, alhali kuwa ɓawon yana nan sumul, ba tsaga ko ɗaya. Wannan shi likitoci ke kira girgizar ƙwaƙwalwa. Galibi ba jini, ba kumburi, hoton asibiti ma sau da yawa ba ya nuna kome. Jama'a sun ɗauka sai wanda ya suma ne ya ji ciwo. Ba haka ba ne. Cikin mutum 10 da abin ya sama, da ƙyar a ke samun guda da ya suma. Sauran sai dai ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da gani bibbiyu, da tangaɗi, da rashin sanin inda a ke. Wani kuma ba ya jin kome nan take, alamun su kan ɓoye har kwana 3 kafin su bayyana. Babban hatsarin shi ne a sake bugun kan tun ƙwaƙwalwa ba ta warke ba, don bugu na biyu ya kan fi na farko ɓarna, wani lokaci ma ya kai ga rasa rai, musamman ga matasa.

Ga wata wahala da ba ta ga sauran raunuka. Wanda ya karye a ƙafa ya san ya karye, ya iya faɗa. Amma wanda ƙwaƙwalwarsa ta girgiza, abin da zai auna lafiyarsa da shi, shi ne ya ji ciwon. In aka tambaye shi, "Za ka iya?" ya ce zai iya, ba ƙarya ya yi ba, bai sani ba ne. Ran 13 ga Yuli, 2014, a wasan ƙarshe na cin Kofin Duniya tsakanin Jamus da Ajantina a Birazil, wani Bajamushe, Christoph Kramer, ya gwara kai da kafaɗar Ezequiel Garay. Aka duba shi sama-sama, ya koma fili, ya yi wajen minti 14 yana gudu. Alƙalin wasan, Nicola Rizzoli, ya ba da labari daga baya cewa yaron ya zo ya tambaye shi ko wannan ne wasan ƙarshe. Mutumin da ke wasan da ya fi kowane girma a rayuwarsa, duniya duka na kallonsa, bai san wasan da ya ke yi ba! Shaidar irin wannan mutum a kan kansa ba abar karɓa ba ce. Shi ya sa likitoci suka tsara waɗansu tambayoyi biyar na gwaji. Wane fili mu ke? Rabin farko ne ko na biyu? Wa ya ci ƙwallon ƙarshe? Da wa kuka yi wasan da ya wuce? Kun ci ko an cinye ku? Wanda ya kasa ko ɗaya, maganarsa ta ƙare. Wanda ya amsa duka kuwa, wannan bai wanke shi ba tukuna. Waɗansu masana na ƙasar Kanada sun koma sun kalli wasanni 64 na gasar ta 2014, suka ƙirga karon kai 81, suka tarar 12 kaɗai ne ma'aikacin lafiya ya duba.

Dokokin ƙwallo ba FIFA kaɗai ke yin su ba. Akwai wata tsohuwar majalisa, IFAB, wadda aka kafa tun 1886, ta haɗa FIFA da hukumomin ƙwallo huɗu na Birtaniya. Bayan abin da ya sami Kramer aka ba alƙali ikon tsai da wasa har minti 3 don likita ya duba wanda ya bugu a kai. A Disamba, 2020, majalisar ta yarda a gwada wani sabon tsari, a Maris, 2024, ta shigar da shi cikin dokoki, ya fara aiki ran 1 ga Yuli na shekarar, aka kuma bar wa kowace gasa zaɓin yin aiki da shi. Ga yadda ya ke. Ƙungiya tana da canji 5 a wasa. In ɗan wasanta ya sami girgizar ƙwaƙwalwa, ko an yi zaton ya samu, tana da damar canji guda na daban, ko da ta ƙare biyar ɗin. Wanda aka fitar ba ya komowa, ko da an kai bugun fanareti. Don kada wata ƙungiya ta fake da wannan ta shigo da mai sabon ƙarfi, da zarar ta yi irin wannan canji sai abokiyar karawarta ita ma ta sami ƙarin canji guda. Alƙalin wasa ba shi da bakin cewa ciwon gaskiya ne ko ƙarya. In ya ga alamar maguɗi, sai ya rubuta ya kai wa hukuma.

Wannan adalci ne, amma adalci ne tsakanin ƙungiya da ƙungiya. An tabbatar ba wadda ta ƙwari wata. Saura adalci tsakanin ɗan wasa da ɗan wasa, shi kuwa har yanzu bai zauna ba. Dokar ta buɗe ƙofa, amma ba ta ce wa kowa dole ya fita ba. Wa zai ce ya fita? Likitan ƙungiya. Wa ke biyan likitan ƙungiya? Ƙungiya. Ba cewa a ke likitoci mutanen banza ne ba, galibinsu masu tsoron Allah ne, masu kishin aikinsu. Amma a dubi inda aka tsai da mutumin. Ga koci a bayansa yana duban agogo, ga ɗan wasa yana rantsuwa lafiyarsa lau, ga dubban mutane suna ihu, ga minti 3 kacal. Ko a kotun alƙali ba a sa mutum ya yanke shari'ar da ya ke da rabo a cikinta, kome adalcinsa.

Abin mamaki, wanda ya fi kowa daraja shi ya fi rashin kāriya. Ɗan wasan da ba a damu da shi ba, da ya dafe kai sai a ɗaga allo a canza shi, ba gardama. Gwani kuwa ba mai son ya ga bayansa. Mutanen titin nan ba su manta da Sadio Mané ba. Ran 25 ga Janairu, 2022, a gasar Kofin Afirka a Kamaru, ya yi mummunan karo da golan Cape Verde, Vozinha, ya faɗo ya kwanta. Aka ba golan jan kati, shi kuma aka bar shi a fili. Jim kaɗan ya ci ƙwallo mai kyau, sa'an nan ya kwanta a ciyawa yana riƙe da kai, aka fitar da shi zuwa asibiti. Bayan kwana 5 ya sake shiga wasa, ran 6 ga Fabrairu kuwa shi ya buga fanaretin da ya ba Senegal kofi a kan Masar. Daga baya shi da bakinsa ya ce har ya nemi ya sa hannu a takarda, cewa in ya mutu ba laifin kowa ba ne. Haka Nordin Amrabat na Maroko a Rasha a 2018. Ya bugu a wasansu da Iran har ya kwana a asibiti, ya ce bai tuna wasan ba, bayan kwana 5 ya fito wa Fotugal sanye da hular kāriya, can cikin wasa ya tuɓe ta ya yar. A Ƙatar ma a 2022, inda an riga an fara gwada canjin na musamman, golan Iran, Alireza Beiranvand, ya gwaru da ɗan ƙungiyarsu a wasansu da Ingila, hanci na jini, aka bar shi ya ci gaba, sai da shi da kansa ya kwanta ya yi alama a ɗauke shi.

An taɓa tai da zancen Mané a wani shagon ɗinki na Fagge. Wani yaro mai koyon aiki ya ce wa maigidansa, "Baba, ai da an fitar da shi da ba su ci kofin ba. Ga shi nan kuma garau, me ya same shi?" Dattijon ya ce, "Ɗana, wanda ya tsallaka titin nan ido rufe ya kai wancan gefe lafiya, sa'a ya yi. In ka gan shi ka ce haka a ke tsallakawa, kai ne za a kwasa." Gaskiyar dattijon ke nan. Ɓarnar irin wannan labari ba ga Mané ta tsaya ba. Kowane yaro da ke buga ƙwallo a filayen unguwa ya ga an yi wa mai taurin kai kirari, ya koyi cewa fita ragwantaka ce.

A nan Sabon Gari, a dandalin Ado Bayero, akwai gidan dambe. Dambe ba wasan lallashi ba ne, kawunan 'yan dambe kuwa suna shan abin da ya fi na 'yan ƙwallo, ba wanda zai ce shi ne abin koyi wajen kiwon lafiya. Amma yana da wata ƙa'ida da ta fi ta ƙwallo tsabta. Da hannun mutum ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, an kashe shi, dambe ya ƙare. Ba a tambayarsa ko zai iya. Ba a tambayar ubangidansa. Ba a duba ko shago ne ko sabon shiga, ɗan Kudu ne ko ɗan Arewa. Alama ce da kowa ya gani da idonsa, hukuncinta kuwa ɗaya ne ga kowa. Likitocin wasanni ma suna da irin waɗannan alamu da a ke gani da ido: wanda ya faɗi bai kāre kansa da hannu ba, wanda ya kwanta ba motsi, wanda hannunsa ya sandare, wanda ya tashi yana tangaɗi, wanda ya ƙura ido ba ya ganin kowa. Da za a ce duk wanda aka ga ɗayansu a jikinsa ya fita ke nan, ba shawara, da rabin gardamar ya ƙare.

Sauran rabin shi ne na wanda ba a ga alama a fili ba, amma ana shakka. Gwajin da likitoci suka amince da shi ba ya yiwuwa ƙasa da minti 10, a wuri mai shiru. Saboda haka ƙungiyar 'yan wasa ta duniya, FIFPRO, da gasar Firimiya ta Ingila, da ta Faransa, da ta Amurka, suka roƙi a yarda da canjin wucin gadi, watau wani ya shiga ya riƙe wurin, a tafi da wanda ya bugu ɗaki a duba shi a natse, in lafiya ya komo. A Janairu, 2023, IFAB ta ƙi. Hujjarta ba ta banza ba ce. Ta ce tun da alamu su kan makara, mutum ya iya cin gwajin minti 10 a mai da shi fili da ciwonsa, gara a fitar da shi gaba ɗaya da an yi shakka. A takarda wannan ya fi tsauri. A fili kuwa sau da yawa akasin haka a ke gani, don likitan da aka ce masa ko dai ya raba ƙungiya da gwaninta har ƙarshen wasa, ko ya bar shi, kuma ya zaɓa cikin minti 3, ya kan bar shi. Wasan zari-ruga ya daɗe da canjin wucin gadi. Masu ƙwallon Amurka, irin wadda a ke ɗauka a hannu, tun 2013 suka sa likitan da ba na kowace ƙungiya ba a bakin fili, daga 2015 kuma mai sa ido daga saman rumfa yana da ikon tsai da wasa. Su ma ba su tsira daga kuskure ba, amma sun gane cewa hukunci ya fita daga hannun mai rabo.

Wani zai ce duk wannan hayaniya a kan ciwon kai na kwana biyu? Ba na kwana biyu ba ne. Jeff Astle na West Bromwich Albion, gwanin cin ƙwallo da ka, ya rasu a 2002 yana da shekara 59, bayan hankalinsa ya gushe har ba ya gane iyalinsa. Mai binciken dalilin mutuwa ya yanke cewa sana'arsa ce ta jawo masa. A 2019 masana a Jami'ar Glasgow suka bi tarihin tsofaffin 'yan ƙwallo fiye da 7,600, suka tarar mutuwa ta cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa ta fi yawa a cikinsu sau uku da rabi bisa ga sauran jama'a. Cikin mutum 11 da suka ci wa Ingila Kofin Duniya a 1966, biyar sun ƙare da cutar mantuwa, har da Bobby Charlton da wansa Jack.

In Turai mai kuɗi da na'urori tana fama haka, ina ga gasar Nijeriya? A nan wahalar iri biyu ce. Ta farko ta kayan aiki. Ran 8 ga Maris, 2020, a Lafiya, Chineme Martins na Nasarawa United ya yanke jiki ya faɗi ana wasa da Katsina United, ya rasu. Jaridu sun ba da labari cewa motar asibitin da ke filin ta ƙi tashi. Inda mota ta ƙi tashi, wa zai yi zancen gwajin minti 10? Ta biyu ta tsoro ce. Ɗan wasan gida albashinsa kaɗan ne, wani lokaci ma ya makara, yana dogara ga ladan da a ke bayarwa in an ci wasa. Ya san in ya zauna mako biyu wani ya gaje rigarsa. Ga iyaye, ga ƙanne, ga kuɗin haya. Irin wannan ko kansa na sarawa kamar ana daka ba zai faɗa ba. Baƙuwar ƙungiya kuma, wadda ta kwana a hanya cikin mota, ba lalle ta zo da cikakken likita ba. 'Yan kallo su ma ba sa sauƙaƙa wa kowa. A Afrilu, 2022, bayan wasan Pillars da Katsina United a Kano, an farfasa motar baƙin, hukumar gasa ta ci Pillars tara ta rage mata maki 3. A filin da zuciya ke tafasa haka, ba ƙaramin namiji ba ne zai nuna gwanin masu gida ya ce ya fita, ko ya tsai da wasa minti 3 saboda ɗan baƙi alhali masu gida na neman ramawa.

Maganin bai fi ƙarfin gasar ba. Kowane wasa hukuma ta kan aiko da alƙali da mataimakansa da kwamishinan wasa daga wata jiha, ita ke biyansu, don kada su zama na kowa. Ba abin da zai hana a ƙara mutum guda cikin wannan ayari, likitan wasa, wanda maganarsa a kan kai ita ce ta ƙarshe, ko kan na masu gida ne ko na baƙi. Sa'an nan wanda aka fitar kada a taɓa albashinsa, a kuma ba shi ladan wasan cif kamar wanda ya buga har ƙarshe, don muddin faɗar gaskiya na jawo asara ba mai faɗarta. Ƙungiyar da ta yi ƙarya don ta sami canji a hukunta ta, wadda ta ɓoye ciwo a hukunta ta fiye da haka.

Saura kwanakin hutu, nan ne kuwa aka fi yin ha'inci, don ba mai kallo. Tsarin likitoci shi ne a huta kwana ɗaya ko biyu, sa'an nan a bi matakai: tafiya, sassarfa, motsa ƙwallo shi kaɗai, atisaye ba karo, atisaye cikakke, sa'an nan wasa. Kowane mataki aƙalla sa'a 24, in ciwon kai ya komo a ja da baya. Wannan ga wanda likita ke dubawa kullum ke nan. Ga wanda ba shi da likita a kusa, ƙa'idar da Birtaniya ta fitar a 2023 don wasannin unguwa da makarantu ta ce kada ya koma gasa sai bayan kwana 21. Watau talakan ɗan wasa shi ya fi bukatar dogon hutu, shi ne kuwa a ke mayarwa fili ran Lahadi mai zuwa. Ƙirgar nan bai kamata a bar ta ga koci ba. Likitan wasa ya rubuta suna da kwanan wata a rahotonsa, ya aika ofishin gasa tare da na alƙali. Magatakarda ya riƙe katin ɗan wasan kamar yadda a ke riƙe na wanda aka ba jan kati, kada ya sake shi sai kwanakin sun cika, likita ya sa hannu.